Wa Zai Ɗauki Nauyin Mai Rubuta Takardar Cikin Kwali?

A watan Janairun 2025 wata tsohuwar ƙungiya ta rufe ƙofarta a Amurka. Shugabanninta suka sanar cewa membobi sun zare jiki, bashi ya yi mata katutu, sai dai a tafi kotu a raba abin da ya saura. Ba irin labarin da ke isowa gidajen rediyonmu ba ne. Sunan ƙungiyar Society for Technical Communication, ana ce mata STC a taƙaice, kuma ita ce ta kasance babbar inuwar mutanen da abincinsu ke fitowa daga rubuta bayanin yadda ake aiki da abu: ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin janareta, siririyar takardar nan mai ninki barkatai da ke cikin kwalin magani, kundin da makanikin jirgin sama ke buɗewa kafin ya ɗora sifana a kan noti, har da 'yan kalmomin da ke fitowa a fuskar waya in manhajar banki ta ƙi tura kuɗi. A jami'o'in Amurka fanni ne mai zaman kansa, ana yin digiri a kansa tun daga na farko har na uku. A nan zan riƙa ce masa rubutun bayanin fasaha.

Ƙungiyar ta bar mujallu biyu da babban taron shekara-shekara da ba za a sake yi ba. Amma ni ɗalibai ne suka tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ita da rassanta suna ba ɗaliban wannan fanni tallafin karatu da lambobin yabo, kuma a ganina wannan ɗan ƙaramin aiki ya taimaka wajen mayar da abin da a da ake wa kallon aikin akawu ya zama sana'ar da uba zai yarda 'yarsa ta karanta. Yadda suka gina shi, da yadda ya rushe musu a hannu, duka biyun akwai abin dubawa.

Sana'ar kanta 'yar Yaƙin Duniya na Biyu ce. An ƙera jiragen sama da na'urorin hango jirage da rediyoyin soja masu yawan gaske, aka damƙa su a hannun samarin da jiya-jiya suka baro gona ko kanti. Injiniyan da ya ƙera na'urar yana can masana'anta, ba zai bi kowane soja fagen daga ya nuna masa inda zai murɗa ba. Dole wani ya shiga tsakani, ya fahimci abin da injiniya ke nufi, ya rubuta shi yadda mutumin da ke cikin taɓo da fargaba zai karanta sau ɗaya ya aikata daidai. Da aka gama yaƙi masu wannan aiki suka fara neman juna. A 1953 ƙungiyoyi biyu suka kafu, ɗaya a Boston ɗaya a New York. Suka haɗe a 1957, wata ta Los Angeles ta shigo a 1960, a 1971 aka raɗa wa gamayyar sunan da ta mutu da shi. Makarantu ma suka bi sahu. Kwalejin fasaha ta Rensselaer da ke jihar New York ta buɗe digiri na biyu a fannin a 1953, ita kuma kwalejin Carnegie ta Pittsburgh, wadda yau ake kira Carnegie Mellon, ta buɗe digiri na farko a 1958. Zuwa 2023 hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na lissafa kimanin mutum 50,000 a wannan aiki, albashin na tsakiyarsu kuwa wajen dala 80,000 a shekara.

To, nawa ne tallafin? Kada mai karatu ya zaci wani abin a-zo-a-gani ne. Yawancin abin da rassan ƙungiyar suka riƙa bayarwa daga 'yan ɗaruruwan daloli ne zuwa dubu ɗaya ko biyu, a ƙasar da kuɗin makarantar shekara guda a jami'ar gwamnati, ga ɗan jiha ma, ya haura dala 10,000. Littattafai zai saya, ya biya hayar wata ɗaya ko biyu, shi ke nan. Kuɗin kuma daga aljihun 'yan sana'ar yake fitowa: kuɗin shekara da memba ke biya, rarar taro, gudummawar wani tsohon marubuci da ya yi ritaya. Akwai wanda ya fi burge ni a cikinsu, wanda aka sa wa sunan Marian Norby. An keɓe shi ne ga matan da ke aikin sakatariya ko makamancinsa a gwamnatin tarayya, waɗanda ke son karanta fannin. Wanda ya tsara wannan ya san ofis ciki da bai. Ya san cewa matar da ke buga wa injiniyoyi rahoto, tana gyara musu jimlolin da suka karkace ba tare da an sa sunanta ba, ta riga ta yi rabin karatun, takarda kawai ta rage mata.

Ban da kuɗi akwai yabo. A da STC na da ƙungiyar karramawa ta ɗalibai mai suna Sigma Tau Chi, wadda sai mai maki mai kyau da shaidar malamai ke shiga, da kuma Alpha Sigma ta 'yan kwalejojin shekara biyu. Malamin da ya yi fice wajen koyar da fannin a da ana ba shi lambar Jay R. Gould, sunan ɗaya daga malaman Rensselaer na farko. Wasu ƙungiyoyin ma na yin nasu, kuma suna nan da rai: babbar ƙungiyar malaman rubutu a jami'o'i, CCCC, na ba da lambar kundin digiri na uku da ya fi kyau a fannin kowace shekara, reshen sadarwa na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE kuma na tallafa wa ɗalibi ya halarci taronsa ya gabatar da bincikensa.

Mai hankali zai tambaya, dala dubu ɗaya me za ta canza a rayuwar ɗalibi? A lissafin aljihu, kaɗan. Amma tallafin karatu ba kuɗi kaɗai yake ɗauke da shi ba. Yarinya 'yar shekara 19 da ta iya lissafi kuma tana son rubutu, kowa zai ce mata ta zaɓi ɗaya: ko ta tafi injiniya ta manta da alƙalami, ko ta tafi adabi ta manta da lissafi. Ranar da ta ga sanarwa a allon sashe cewa wasu manya da ba su san ta ba sun ware kuɗi don mai haɗa biyun, ranar ta san akwai hanya ta uku, kuma akwai masu cin abinci a kanta. Fom ɗin neman tallafin ma darasi ne, don sau da yawa ana neman samfurin aikinta da bayanin abin da take son yi da karatun. Waɗanda za su duba su kuwa mutanen da ke cikin sana'ar ne, masu ɗaukar ma'aikata gobe. Wanda bai ci ba ma ya fita da kundin aikin da zai nuna a wurin neman aiki.

Me ya sa al'umma za ta damu da a samu irin waɗannan mutane? Akwai labarin da malaman fannin ke yawan koyarwa a aji, kuma ya cancanci a ba shi wuri. A watan Satumbar 1977, a tashar lantarki ta nukiliya ta Davis-Besse da ke jihar Ohio, wani bawul ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliyar ya riƙa zurarewa. Ma'aunin da ma'aikata ke kallo ya nuna musu kamar ruwa ya yi yawa, sai suka rage famfunan gaggawa da ke ƙara ruwa, wato suka yi kishiyar abin da ya kamata. Allah ya taƙaita, tashar na aiki ne da kashi 9 cikin 100 na ƙarfinta, kuma sun gano kuskuren da wuri. Wani injiniyan kamfanin da ya ƙera tukunyar, Babcock & Wilcox, mai suna Joseph Kelly, ya binciki abin ya rubuta wa manyansa takarda a watan Nuwamba, yana ba da shawarar a aika wa duk tashoshin da ke amfani da irin wannan tukunya umarni game da lokacin da ya halatta a taɓa famfunan. Takardar ta fita da murya mai laushi, ta neman jin ra'ayi, ba ta tayar da kowa daga kujera ba. A Fabrairun 1978 wani injiniyan, Bert Dunn, ya sake rubutawa da kakkausar murya, ya nuna cewa da tashar na kan cikakken ƙarfinta da abin zai iya kai wa ga lalacewar makamashin da ke cikin tukunyar. Wani sashe na kamfanin ya kawo nasa ƙorafin a watan Agusta, ya tura tambaya ga wani manaja, tambayar ta kwanta a tebur wata da watanni. Umarnin bai isa tashoshin ba. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island da ke Pennsylvania, irin wannan bawul ya sake maƙalewa, ma'aikata suka sake rage famfunan, wajen rabin cikin tukunyar ya narke.

Ba zan ce rubutu kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai ƙirar ɗakin sarrafawa, akwai horon ma'aikata, akwai halin manyan kamfani na ture magana zuwa gobe. Amma ilimin da zai hana haɗarin yana nan a rubuce tun wata 16 kafin ya faru. Abin da aka rasa shi ne mai ɗauko shi daga kan injiniya ya kai shi gaban mutumin da hannunsa ke kan makunni, cikin jimla biyu da ba za a iya yi musu fassara biyu ba. Masana'antar jiragen sama ta Turai ta ɗauki wannan matsala da muhimmanci har ta ƙirƙiro wa kanta taƙaitaccen Ingilishi na littattafan gyara, wanda aka fara fitarwa a 1986. Kalmomin yau da kullum da aka yarda da su wajen 900 ne kacal, kowace da ma'ana guda, jimlar umarni kada ta wuce kalma 20, kuma umarni ɗaya a jimla ɗaya. Dalili kuwa, makanikin da ke gyara jirgi a Jidda ko Legas ko Jakarta ba da Ingilishi aka yi masa goyo ba.

Wannan shi ne aikin da tallafin STC ya riƙa kiran matasa zuwa gare shi. Sai dai ina da ƙorafi biyu a kan yadda Amurkawan suka tafiyar da abin.

Na farko, sun jingina tallafin da kuɗin membobi. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar na da membobi sama da 20,000. Sai intanet ta zo da wuraren da ɗan sana'a zai koyi abu ya haɗu da takwarorinsa kyauta, irin su Write the Docs da aka fara a Portland a 2013. Kamfanoni suka rage biya wa ma'aikatansu kuɗin zama memba, sunan aikin kansa ya rarrabu zuwa sunaye iri-iri, matasa suka daina ganin dalilin biyan ɗaruruwan daloli a shekara. Membobi suka koma 'yan dubbai. Da uwar ta faɗi, duk wani tallafi da ke shan nono a jikinta ya bi ta. Kyautar Nobel tana nan tun 1901 saboda dukiya aka ajiye ana juyawa, ribar ake rabawa. Mu ma mun san wannan tsari tun kafin Nobel, wakafi muke ce masa, kuma da shi aka riƙe Jami'ar Azhar ƙarni da ƙarni. Duk tallafin da sai an bi mutane da faranti kowace shekara, ranar da masu zubawa suka gaji ranar ya ƙare.

Na biyu, alƙalanci. Gasannin da ƙungiyar ta shahara da su, 'yan sana'a ne ke zama su duba aikin 'yan'uwansu, su ba shi daraja hawa-hawa. Ba laifi ba ne, idon gwani na ganin abin da na wani ba ya gani. Amma gwani ya riga ya san amsar. Shi ne mutum na ƙarshe da zai gane cewa jimla ta rikitar, tunda kansa na cike giɓin tun kafin idonsa ya kai ƙarshen layi. Tarayyar Turai ta fi kama hanya a nan. Tun 2005 dokarta ta wajabta a gwada takardar cikin kwalin magani a kan mutanen da za su sha maganin kafin a amince da ita. Yadda aka saba yi, a samo mutum 20 da ba ma'aikatan lafiya ba, a miƙa wa kowa takardar, a yi masa tambayoyi irin na rayuwa: kin manta ba ki sha na safe ba, me za ki yi? Kana da gyambon ciki, ya halatta ka sha? Ana son kashi 90 cikin 100 su gano inda amsar take, kashi 90 na waɗannan kuma su fahimce ta daidai. In ba a samu haka ba a koma a sake rubutawa, komai kyan Turancin.

Yanzu mu waiwayo gida, don nan ne maganar ta fi ciwo. Tallafin karatu a Najeriya ba baƙon abu ba ne. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, na tura ɗalibai karatun man fetur da dangoginsa ciki da waje. TETFund na ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu. Jihohi na da hukumominsu na sukolashif, kuma in gwamna zai yi abin nunawa a talabijin, likitoci da injiniyoyi da matuƙa jirgi yake kwasa ya kai waje. A ɓangaren kyaututtuka, kamfanin iskar gas na NLNG ya kafa kyautar kimiyya da ta adabi a 2004, kowace yanzu dala 100,000 ce. Sashen Hausa na BBC na gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai tun 2016. Duk abin a yaba ne. Mai binciken kimiyya na da mai tafa masa, mai ƙaga labari na da nasa. Wanda zai ɗauko abin da na farko ya gano ya rubuta shi da gwanintar na biyu, don manomi da mai jego da mai gyaran famfo, shi ne marayan.

Ɗalibin injiniya a jami'o'inmu yakan yi darasi guda na rubuta rahoto, a ci jarrabawa a wuce. Sai rahoton SIWES bayan zaman koyon aiki a masana'anta, wanda da an ɗauke shi da gaske da shi ne makarantar wannan fanni. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'a ya san yadda ake yi. Akwai tsohon rahoto a kwamfutar mai shago, a canza suna da lambar rajista da sunan kamfani, a buga, a yi masa bango mai kyau. Ba wanda zai karanta shi don ya yi aiki da shi, ɗalibin ya sani, malamin ma ya sani. Me zai sa yaro ya wahalar da kansa?

Sakamakon yana shagon maganin gona. Manomi ya zo da kuɗinsa ya ce a ba shi na feshin wake. Aka miƙo masa kwalba, jikinta cike da rubutun Ingilishi ƙanana kamar ƙwayar gero, ma'aunin kuma lita kaza a kowace hekta. Shi kuwa famfon goyo yake da shi, gonarsa ba da hekta yake auna ta ba, abin awonsa murfin kwalbar ne ko gwangwanin madara. Sai ya tambayi yaron shago, yaron ya ce murfi uku a famfo, in ƙwarin sun yi yawa ka ƙara ɗaya. A ƙasan kwalbar akwai zirin launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, wanda tsarin hukumomin duniya ya tanada don nuna ƙarfin dafin, ja ya fi kowanne haɗari. Manoma nawa aka taɓa zaunar da su aka gaya musu haka? Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe, yana can cikin layi na goma sha wani abu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin maganin da muke kira fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo guda, abin da suka riƙa samu ya ninka haka nesa ba kusa ba. Akwai son zuciyar wasu 'yan kasuwa a ciki, ban musa ba. Amma akwai kuma dubban mutanen da ba su taɓa samun bayanin a harshen da suke ji da ma'aunin da suke amfani da shi ba. Waken da Turai ta ƙi karɓa kuwa ba zubarwa aka yi ba.

A kan waken nan dai aka nuna cewa in an yi bayani yadda ya kamata mutanenmu na ɗauka. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka faro aikinsa da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, ba wata na'ura ba ce: leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa. Sirrinsa duka yana cikin bin ƙa'ida. Wake ya bushe sarai. A duba ledar kada ta kasance da huda. A cika ta ciki, a matse iska, a murɗe bakin a lanƙwasa a ɗaure, sannan a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Kada a buɗe sai ranar buƙata, don rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Kuskure ɗaya a cikin waɗannan ya ɓata aikin. Masu shirin ba su tsaya ga buga takarda ba. Sun bi dubban ƙauyuka ana cika buhu a gaban jama'a, a ajiye, bayan watanni a tara mutane a kwance shi kowa ya ga waken da idonsa, ga kuma sanarwa a rediyo da harsunan gida. Wannan shi ne rubutun bayanin fasaha a ƙasar da ba kowa ke karanta boko ba: wani sashe a takarda, wani a hoto, wani a murya, wani a dandalin ƙauye. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana irin wannan aiki na wayar da kan manoma. Masu yi suna nan, lada da suna ne babu.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin abin da gasa ke iya haifarwa. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, abin da ba a saba ba. Daga wannan gasa guda aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Marubutan suna nan tun kafin gasar, da basirarsu. Kira kawai aka yi suka fito.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace, kuma bai fi ƙarfin attajiri guda ko kamfanin taki guda ba. A kafa tallafi na shekara-shekara a jami'a ɗaya tukuna, a ajiye dukiyarsa a matsayin wakafi da amintattu da sharuɗɗa a rubuce, yadda ko mai kafawar ya rasu ko kasuwarsa ta karye abin zai ci gaba. Kada a jira sai an buɗe sashen rubutun bayanin fasaha, wannan zai ci shekaru a teburin hukumar jami'o'i. A buɗe ƙofa ga duk ɗalibin aji uku, amma su shigo biyu-biyu: ɗaya daga harhaɗa magunguna ko aikin gona ko injiniya ko lafiya, ɗaya daga Hausa ko aikin jarida. Na farko ya tsare gaskiyar bayani, na biyu ya tsare hanyar isar da shi. A ba su abu na gaske su yi wa bayani: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, yadda ake auna maganin ruwa na zazzaɓi gwargwadon nauyin yaro, yadda ake kula da batirin sola, dalilin da ya sa ba a kwana da janareta a cikin ɗaki ko a rufaffen lungu. Su zaɓi sifar da ta dace, shafi guda da boko ko ajami, zane, ko saƙon murya na minti biyu da za a iya turawa ta WhatsApp.

Alƙalanci kuma hawa biyu. Masanin fannin ya fara dubawa, duk aikin da ke da kuskuren da zai cutar a fitar da shi nan take. Sauran a kai su inda za a yi amfani da su. A samo mata 20 a layin awo, ko manoma 20 ranar kasuwa, a ba su bayanin, a miƙa musu cokali ko sirinji ko famfo, a ce bismilla. Wanda mutane suka fi aikata nasa daidai shi ya ci. Na san wasu malamanmu ba za su so wannan ba, don zai yiwu aikin da ya fi daɗin Hausa, mai karin magana da adon harshe, ya sha kaye a hannun wanda jimlolinsa gajeru ne kamar umarnin soja. Haka ake so. Wurin adon harshe daban, kuma yana da gasanninsa.

Za a ce ai yanzu na'urorin ƙirƙirarriyar basira na rubuta irin wannan bayani cikin daƙiƙa, har su fassara shi, to me za a yi da ɗalibi? Su rubuta mana, ba wanda ya hana. Amma na'ura ba ta san cewa a wannan ƙauyen da gwangwanin madara ake awo ba, ba ta san cewa kalmar da ake nufin cokalin shayi da ita a wani gari babban cokali ake fahimta a wani ba, ba za ta tsaya a layin awo ta ga inda hannun uwa ya yi jinkiri ba. In kuma aka sha magani fiye da kima ba ita za a kira ba. Sauƙin samar da rubutu ya ƙara yawan bayanin da ke buƙatar mai tantancewa ne, musamman a Hausa, inda fassarar na'ura ke iya juya "kada" ta koma "a yi" ba tare da kowa ya lura ba.

Sharaɗi na ƙarshe da zan sa a takardar wakafin shi ne mallakar aikin. Ɗaliban da suka ci su karɓi kuɗin rajistarsu na shekarar ƙarshe da sunansu a jikin aikin, amma aikin kansa a sake shi kyauta: gidan rediyo ya watsa, asibitin karkara ya buga ya manna a bango, kamfanin da ke shigo da maganin feshi ya ɗauka ya liƙa a kwalbarsa in yana so, muddin bai canza ko kalma ɗaya ba sai da izinin masanin da ya tantance. Waɗanda ba su ci ba kuma a mayar musu da sakamakon gwajinsu dalla-dalla, mutum nawa cikin 20 suka kuskure, a wane layi, don su gyara su sake shiga baɗi.